Jawabi A Kan Rage Ƙiba Da Lafiyar Waɗanda Suka Fito Daga Gidan Yari

Wannan shi ne jawabin da wani malamin kiwon lafiya ya yi wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci, maza da mata, ranar da suka taru don karɓar takardun shaidar gama karatu. An kawo shi nan domin waɗanda ba su sami halarta ba. A karanta a hankali, a kuma karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna.

Bayan sallama da gaisuwa ga mai gari da malamai, malamin ya ce maganarsa a kan bincike ce. Ba binciken 'yan sanda ba, binciken likitoci. Watau a tara mutane da yardarsu, a auna su, a bi lafiyarsu wata da watanni, a rubuta abin da aka gani. Ya ce wannan aiki yana cin kuɗi ƙwarai. Wani lokaci gwamnati ce take biya daga harajin jama'a. Wani lokaci ƙungiyar taimako ce. Wani lokaci kuwa kamfanin da ya yi maganin ne. Saboda haka duk wanda ya ji an ce "bincike ya nuna", to ya kamata ya tambaya: wa ya biya, mutum nawa aka gwada, kuma tsawon wane lokaci?

Ya ce zai kawo bincike iri biyu. Na farko a kan masu ƙiba da suke son su rage. Na biyu a kan mutanen da aka sako daga gidan yari. Mai sauraro zai ce ina ruwan wannan da wancan? Amsar ita ce sikeli. Wani yana neman ya sauke nauyi don ya tsira. Wani kuwa nauyinsa ya zube ba da sonsa ba, kuma wannan zubewar ce take neman ransa.

Rage ƙiba

Malamin ya fara da wani bincike da gwamnatin Amurka ta biya kuɗinsa ta hannun hukumarta ta binciken lafiya da ake kira NIH. An fitar da sakamakonsa a shekarar 2002. An ɗauki mutum 3,234. Dukkansu masu ƙiba ne, kuma sukarin jininsu ya fara hawa, amma bai kai a ce suna da ciwon sukari ba.

Aka raba su kashi uku ta hanyar ƙuri'a, don kada a ce an zaɓi masu ƙarfi an ware su gefe guda. Kashi na farko aka ba su ƙwayar da ba magani a cikinta. Kashi na biyu aka ba su maganin sukari mai suna metformin. Kashi na uku kuwa aka koya musu gyara cin abinci da motsa jiki. Abin da aka nema daga gare su ba mai yawa ba ne. Su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi tafiya da sauri ta minti 150 a mako. Watau rabin awa a rana, kwana biyar.

Ya ba da misali. Buhun siminti kilo 50 ne. Mutumin da ya kai nauyin buhu biyu, kilo 7 kaɗai aka ce ya sauke. Ba a ce ya koma kamar kara ba.

Bayan kusan shekara uku aka duba. Masu shan magani, kamuwa da ciwon sukari ta ragu a cikinsu da kashi 31 cikin 100. Masu tafiya da gyara abinci kuwa ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ashe ƙafa ta fi ƙwaya aiki. Waɗanda suka kai shekara 60 ko suka haura ma sun fi kowa amfana.

Amma malamin ya ce kada a ɗauka kowane bincike yana fitowa yadda aka so. Wannan hukuma ta sake kashe kuɗi a kan wani babban bincike da aka fara a shekarar 2001. A wannan karo mutum 5,145 aka ɗauka, waɗanda sun riga sun kamu da ciwon sukari. Ana so a gani ko rage ƙiba zai rage musu bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mutanen sun rage nauyi, sukarinsu ya yi sauƙi, ƙarfin jikinsu ya ƙaru. Amma bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba su ragu yadda aka zata ba. A shekarar 2012 aka dakatar da shirin, aka kuma faɗa wa duniya gaskiya. Ya ce a nan ake gane binciken kirki. Mai tallar magani a kasuwa bai taɓa tsayawa da lasifika ya ce maganinsa ya kasa ba.

A Ingila da Sikotilan kuma, wata ƙungiyar taimakon masu ciwon sukari, Diabetes UK, ta biya kuɗin wani bincike da aka fitar a ƙarshen 2017. Kimanin mutum 300 ne suka shiga. Rabinsu aka ɗora su a kan abinci kaɗan ƙwarai na wata uku zuwa biyar, likitoci na lura da su. Bayan shekara guda, 46 cikin 100 na waɗannan sukarinsu ya dawo daidai ba tare da shan magani ba. A ɗaya ɓangaren 4 ne kacal cikin 100. Malamin ya ja kunne a nan. Ya ce waɗannan mutane ma'aikatan lafiya ne suke auna su a kai a kai. Mai ciwon sukari da ya bar maganinsa ya shiga horon yunwa shi kaɗai a gida, yana iya faɗuwa.

Game da allurar rage ƙiba da ake ta labari, mai suna semaglutide, bai daɗe a kanta ba. Ya ce kamfanin da ya yi ta, Novo Nordisk, shi ya biya kuɗin gwajin da aka fitar a 2021. Mutum 1,961 suka shiga, na tsawon mako 68. Masu allurar sun sauke kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu. Amma da aka bi wasu daga cikinsu shekara guda bayan sun daina, sai aka ga kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke ya dawo. Ga ta kuma da tsada.

Sai ya juyo ga mutanen karkara. Ya ce manomin da ya wuni da fartanya, da matar da ta yi daka ta ɗebo ruwa, sun wuce minti 150 tun ranar Litinin. Waɗanda maganar ta fi shafa su ne masu zaman shago, da direbobi, da waɗanda suka sami sauƙi suka koma lemon kwalba da shayi mai cokali biyar na sukari. Ya kuma gargaɗi mata a kan ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe. Ya ce yawanci abin da take kawowa kumburi ne, ba lafiya ba, kuma tana iya jawo hawan jini da ciwon sukari.

Rama wadda ba a nema ba

Daga nan malamin ya sauya murya. Ya ce yanzu za a shiga maganar da mutane ba su son yi a fili. Kusan kowane gari yana da wanda aka taɓa ɗaurewa. Wani da laifi, wani kuwa jiran shari'a ya yi shekaru, domin a Nijeriya an daɗe masu jiran shari'a sun fi waɗanda aka yanke wa hukunci yawa. A shekarar 2019 an yi dokar da ta sauya sunan gidajen yari zuwa gidajen gyaran hali. Amma sauya suna bai hana mutum ya dawo gida a rame ba.

A wasu ƙasashe masu arziki, an gano fursunoni da yawa ƙiba suke yi a ciki, saboda zama wuri ɗaya. A inda abinci ya yi ƙaranci kuwa, rama ce. To me yunwa take yi wa mutum? Ya ce an taɓa yin bincike a kan haka a Jami'ar Minisota ta Amurka, daga ƙarshen 1944 zuwa ƙarshen 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wani masani mai suna Ancel Keys ya jagoranta. Samari 36 ne suka ba da kansu. Mutane ne da suka ƙi zuwa yaƙi saboda aƙidarsu, suka ce gara su taimaka ta wannan hanya. Manufar ita ce a san yadda za a farfaɗo da mutanen da yaƙi ya bari cikin yunwa.

Aka rage musu abinci da kusan rabi har mako 24. Yawancin abin da suke ci dankali ne da burodi da taliya. Kuma dole kowa ya yi tafiyar kilomita 35 a mako. Da lokacin ya cika, kowannensu ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa.

Amma ba jiki ne kaɗai ya sauya ba. Samarin da suka shigo da fara'a suka koma masu saurin fushi. Suka daina son hira. Sanyi ya dame su ko da rana. Ƙafafun wasu suka kumbura. Ba su da tunani sai na abinci, har wasu suka riƙa tara littattafan girki suna kallon hotuna. Ɗaya daga cikinsu ma ya sare yatsunsa uku da gatari. Da aka dawo musu da abinci, hankalinsu bai kwanta nan da nan ba. Sai da aka yi watanni.

Malamin ya ce a riƙe wannan da kyau. In ɗanku ya dawo daga gidan yari yana ɓoye tuwo a ƙarƙashin tabarma, ko yana faɗa a kan loma ɗaya, ko ya ƙi zama cikin mutane, kada a yi saurin cewa ya haukace ko ya zama mugu. Samarin Minisota ba su yi laifin kome ba, kuma sun san ranar da abin zai ƙare, amma haka yunwa ta mai da su.

Akwai kuma wani haɗari da yake zuwa ta ƙofar ƙauna. A watan Afrilu na 1945 sojojin Ingila suka buɗe sansanin Bergen-Belsen a Jamus. Suka tarar da dubban fursunoni fata da ƙashi. Don tausayi suka ba su irin abincin soja mai nauyi. Wasu da suka jure yunwa har ranar 'yanci, abincin nan ne ya ƙarasa su. Daga baya likitoci suka gane dalili. Jikin da ya daɗe cikin yunwa, wasu gishirai da zuciya take aiki da su sun yi ƙasa a cikinsa. In abinci mai yawa ya shigo farat ɗaya, sai ɗan abin da ya saura ya bar jini ya shige cikin tsoka. Sai zuciya ta rikice, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya.

Saboda haka, in ji shi, wanda ya dawo a rame ƙwarai ba a tarbarsa da ƙwaryar tuwo da rabin rago. A fara da kunu ko koko, kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a rana. A riƙa ƙarawa a hankali cikin mako guda ko fiye. Sannan a shigo da wake, da gyaɗa, da ƙwai, da nono, da ganye irin su zogale. In kuwa ba ya iya tsayawa, ko ƙafafunsa sun kumbura, to asibiti za a fara kai shi, ba gida ba.

Mako biyu na farko

Malamin ya ce binciken da ya fi tayar masa da hankali shi ne wanda wata likita mai suna Ingrid Binswanger da abokan aikinta suka fitar a shekarar 2007. Sun bi sawun mutum 30,237 da aka sako daga gidajen yarin Jihar Washinton ta Amurka, daga watan Yuli na 1999 zuwa Disamba na 2003. A cikinsu 443 suka mutu. Da aka kwatanta da sauran mutanen jihar masu shekaru irin nasu, sai aka ga mutuwa a cikin waɗanda aka sako ta ninka sau uku da rabi.

Amma abin mamakin yana cikin mako biyu na farko. A waɗannan kwanaki 14 haɗarin mutuwa ya ninka kusan sau 13. Mutuwa ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima kuwa ta ninka sau 129. Bayan ƙwaya, manyan abubuwan da suka kashe su su ne ciwon zuciya, da kisan kai, da mutum ya kashe kansa.

Me ya sa haka? Ya ce mai shan ƙwaya jikinsa yana sabawa, kullum yana ƙara yawan abin da yake sha. In an tsare shi wata shida ko shekara, sai sabon ya tafi. Ran da ya fito, abokai su tarbe shi, ya sha adadin da ya saba sha a da. Jiki kuwa ya manta. Sai numfashi ya tsaya. Ya ce wannan bincike na Amurka ne, kuma lissafinsu ba lallai ya zama namu ba. Amma jikin ɗan Adam ɗaya ne. Taramol da kodin da suka addabi samarinmu 'yan gida ɗaya ne da wasu daga cikin ƙwayoyin da suka kashe waɗancan. Gwamnatin Nijeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma iyaye kada su saki jiki. Wanda aka gani ya yi barci mai nauyi ba ya farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa, kada a ce a bari ya wartsake. A kwantar da shi a gefensa, a garzaya da shi asibiti.

Wani dalili kuma shi ne yankewar magani. Mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko tarin fuka, ko ƙanjamau, wataƙila yana karɓar magani a ciki. Ran da aka buɗe ƙofa sai ya fito ba takarda, ba kuɗi, ba wanda ya san abin da yake sha. Ga kunya ta hana shi zuwa asibiti.

Don maganin wannan, a shekarar 2006 wasu likitoci a birnin San Faransisko, cikinsu da Dokta Emily Wang, suka buɗe wani ɗakin shan magani na musamman don waɗanda aka sako. Dabararsu mai sauƙi ce. Suka ɗauki mutanen da su ma sun taɓa zaman gidan yari, suka koya musu aikin lafiya. Su ne suke tarbar wanda ya fito, su raka shi wurin likita, su taya shi neman wurin kwana. Wanda ya taɓa shiga rijiya ai shi ya san zurfinta. An gwada tsarin a kan mutum 200, aka fitar da sakamako a 2012. A cikin waɗanda aka haɗa da wannan ɗakin magani, kimanin 1 cikin 4 ne suka kai ga zuwa sashen gaggawa na asibiti cikin shekara. A ɗaya kashin kuwa kusan 4 ne cikin 10.

Malamin ya ce ƙauye ba shi da kuɗin Amurka, amma yana da abin da ya fi wannan tsufa. Akwai mai unguwa, akwai liman, akwai dattijon da shi ma ya taɓa shiga ya fito ya gyaru. Ɗaya daga cikinsu ya isa ya raka mutum asibiti a makon farko.

Kafin ya rufe, ya taɓo maganar yarda. Ya ce ba kowane bincike a kan fursunoni ne aka yi da gaskiya ba. A gidan yarin Holmesburg da ke birnin Filadelfiya, daga 1951 zuwa 1974, an gwada magunguna da sinadarai a fatar fursunoni, yawancinsu baƙaƙen fata, ana ba su 'yan kuɗi ba tare da an yi musu cikakken bayani ba. A 1978 Amurka ta kafa ƙa'idoji na musamman don kare fursunoni, kuma a 2022 hukumar birnin ta nemi gafara. Don haka duk wanda aka zo masa da takardar bincike, yana da haƙƙin a karanta masa ita da harshensa. Yana da haƙƙin ya ƙi, ko ya fita a tsakiya, ba tare da an hana shi magani ba. Ya dubi ɗaliban ya ce yanzu da suka iya karatu, kada wanda ya sake dangwala yatsa a takardar da bai karanta ba.

Da aka ba da damar tambaya, wata dattijuwa ta miƙe. Ta ce, "Malam, jikana ya dawo wata biyu ke nan. Yana ci, amma kullum ƙara ramewa yake. Ga tari, ga zufa da dare. Mun yi jiƙe-jiƙe har mun gaji."

Malamin ya ce, "Inna, tarin ya kai mako biyu?"

Ta ce, "Ai da shi ya dawo."

Ya ce, "To Inna, gobe da safe a kai shi asibiti a ce a gwada kakinsa. Tarin fuka yana yaɗuwa ƙwarai inda mutane suka cunkushe a ɗaki ɗaya, kuma waɗannan alamominsa ne. In shi ne, maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka ware don haka. Wata shida ake sha, kuma ba a dainawa don an ji sauƙi. A nemi a gwada sukarinsa da jininsa a tafiya ɗaya. Kafin nan a riƙa buɗe tagar ɗakinsa, ya riƙa rufe baki in zai yi tari. Yara nawa suke kwana tare da shi?"

Ta ce uku.

Ya ce, "Su ma a tafi da su."